Me Ya Haɗa Manomin Kaduna Da Tekun Da Bai Taɓa Gani Ba?

A farkon kowace shekara hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina: yaushe ruwan shuka zai sauka, yaushe zai ɗauke, a ina ake fargabar ya yi tsaiko bayan an yi shuka. Gidajen rediyon Kaduna su karanta, malaman gona su kai ƙauye. A cikin bayanin akan ji sunaye irin su El Nino da La Nina, a ji ana zancen ɗumin ruwan tekun Pasifik, har mai masara a Lere ko Soba ya ce ina ruwan biri da gada? Tambayarsa tana kan hanya. Daga Kaduna zuwa gaɓar teku mafi kusa kimanin kilomita 600 ne a miƙe, Pasifik kuwa yana can bayan duniya. Ga shi kuma a 2023 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku da arzikinsa, wadda da yawa a Arewa suka ɗauka ta mutanen Legas da Fatakwal ce kawai.

Amsar a taƙaice ita ce, akasarin ruwan da ke zuba a kan kwanon gidajen Tudun Wada daga teku ya taso, kuma can zai koma. Amma kafin wannan ya zauna a kai, sai an san mene ne tekun, daga ina ya samo asali, da yadda mutane suka yi har suka san abin da ke cikinsa.

Mene ne teku a ma'aunin masana?

Ruwan gishiri ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya, kuma kusan kashi 97 cikin 100 na duk ruwan da ke doron ƙasa a cikinsa yake. Sunayen Atlantika da Pasifik da Indiya rabon masu taswira ne, ruwan a haɗe yake, yana zagayawa daga wannan zuwa wancan. Matsakaicin zurfinsa kimanin mita 3,700 ne. Wuri mafi zurfi, a kwazazzabon Mariana da ke yammacin Pasifik, ya kai kusan mita 11,000. Da za a jefa dutsen Everest mai tsayin mita 8,849 a ciki, da ya nutse har da rarar kilomita biyu na ruwa a kansa.

Hasken rana mai amfani ga tsiro ba ya wuce mita 200 na sama. A wannan ɗan fallen ne wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani suke rayuwa, su ne tushen abincin kifi, kuma su ke samar da kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa. Ƙasa da nan duhu ne da sanyi, ruwan da ke can ƙarƙashi bai cika wuce digiri 4 ba ko da a yankinmu mai zafi. Nauyin ruwa kuma yana ƙaruwa da kowace mita goma, ta yadda a gindin Mariana matsin ya ninka na iskar da muke ciki fiye da sau dubu.

Gishirin fa? Idan aka ƙafar da lita ɗaya ta ruwan teku a tukunya, za a samu kimanin giram 35, wato kusan cokali biyu na cin abinci. Ruwan sama yana narkar da ma'adinan duwatsu a hankali, koguna su kwasa su kai teku, duwatsu masu aman wuta su ƙara nasu. Rana ta ɗebi ruwan ya tashi a tururi, gishirin ya zauna. Mai shayi ya san wannan daga farin ɓawon da ke taruwa a gindin butarsa. Haka kanwa take taruwa a gefen tafkin Chadi.

Abin da ya fi shafar damina shi ne riƙon zafi. Yashi yakan ɗau zafi da hantsi ya huce da magariba, bokitin ruwan da aka bari a rana kuwa har bayan isha'i da ɗuminsa. Mita uku kacal na saman teku suna iya riƙe zafin da ya kai na dukan iskar da ta lulluɓe duniya. Saboda haka idan ruwan wani yanki ya ƙara ɗumi da digiri ɗaya, ya isa ya karkatar da iska da hadari a nahiyoyin da ke nesa da shi.

Asalin duniya da asalin ruwanta

Masana kimiyya sun ƙiyasta shekarun duniya a kan biliyan 4.54. Ba kirdado ba ne. Akwai ma'adinai irin su yuraniyom da ke rikiɗewa su zama dalma da wani sauri sananne, ta yadda idan aka auna yawan wannan da na wancan a cikin dutse za a iya lissafa shekarunsa. Ba'amurke Clair Patterson ne ya wallafa adadi kusa da wannan, biliyan 4.55, a 1956, bayan ya yi awo a kan gutsattsarin duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya, kuma awon da aka yi bayansa bai gusar da lissafin sosai ba.

Bayanin da aka fi yarda da shi yana cewa rana da duniyoyin da ke zagaya ta sun dunƙule ne daga wani gajimaren ƙura da iska. Duniya ta fara a matsayin narkakken dutse mai tsananin zafi. Masu nauyi irin ƙarfe suka nutse tsakiya, marasa nauyi suka taso suka zama ɓawo. Akasarin masana suna ganin wata ma daga jikinta ya ɓalle, bayan wata duniya mai girman Mars ta yi karo da ita. Wannan watan ne, da taimakon rana, ke jan ruwan teku ya ciko ya janye, galibi sau biyu a yini da dare.

Inda ake da saɓani shi ne tushen ruwan. Wasu na cewa tun farko yana cikin duwatsun da suka haɗa duniya, ya fito a tururi ta bakin duwatsu masu aman wuta, da ƙasa ta huce ya zubo a matsayin ruwan sama. Wasu na cewa duniyar farko ta yi zafin da ba za ta riƙe ruwa ba, sai daga baya duwatsun sama masu ɗauke da danshi suka kawo shi. An daɗe ana zaton taurari masu wutsiya ne, tunda ƙanƙara ce jikinsu. A 2014 kumbon Rosetta na Turai ya auna ruwan ɗaya daga cikinsu, aka tarar nau'in haidrojin mai nauyi da ke ciki ya ninka na tekunmu kusan sau uku, abin da ya rage wa wannan ra'ayi ƙarfi. Yanzu da yawa sun karkata ga cewa hanyoyi biyun farko duka sun yi aiki, gardamar ta koma kan wanne ya fi kawowa. Abin da ake da hujja a kansa shi ne tsufan ruwan: wasu ƙwayoyin ma'adini da aka tono a Jack Hills na Ostareliya, masu shekaru biliyan 4.4, suna ɗauke da alamar cewa akwai ruwa a doron ƙasa tun wancan lokaci.

A Kaduna, inda Musulmi da Kirista suke karanta labarin halitta a littattafansu, wannan lissafi yakan jawo muhawara. Akwai malaman da ke ɗaukar kwanaki shida a kan zahirinsu. Akwai masu cewa kwanan da ake nufi ba irin namu ba ne, tunda rana da ake ƙirga kwana da ita tana cikin abin da aka halitta, su kuma kafa hujja da aya ta 30 a Suratul Anbiya da ta ambaci sanya duk wani abu mai rai daga ruwa. Awon dutse dai yana amsa tambayar yaushe da ta yaya ne, bai da ma'aunin da zai taɓa tambayar wa ya yi da don me.

Lokacin da teku ya shigo Arewa

Duk wanda ya dubi taswira zai ga gaɓar Barazil ta yi daidai da lungun da Najeriya da Kamaru suke ciki, kamar fasasshen ƙoƙo. Bajamushe Alfred Wegener ya faɗa a 1912 cewa nahiyoyin a haɗe suke a da, aka yi watsi da shi don bai iya nuna abin da ke tura su ba. Sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce ne Afirka da Kudancin Amurka suka rabu, Atlantika ta Kudu ya buɗe. Wani reshe na tsagewar ya shigo cikin ƙasa bai ƙarasa ba, shi ne kwarin da Binuwai ke bi a yau, kuma ruwan teku ya malalo cikinsa. Farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka ta Gombe da Kalambaina ta Sakkwato daga ɓawon halittun teku ta taru. Buhun simintin da ake saukewa a Kawo ragowar tsohon teku ne.

Ita Kaduna a kan tsoffin duwatsun gindi take zaune, irin su Kufena na Zariya da na Kajuru, waɗanda suka girmi Atlantika da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Har gobe tekun yana ƙara faɗi da 'yan santimita a shekara, kwatankwacin tsiron farce.

Masu jirage, da tambayar da aka kawo Sakkwato

Tun kafin a san zurfin teku, an san iskarsa. Mutanen tsibiran Pasifik sun ratsa dubban kilomita a kwalekwale suna bin taurari da tsuntsaye da yanayin igiyar ruwa. Larabawa da Indiyawa da Sawahilawa sun gina kasuwanci a kan iskar da ke kaɗawa gefe guda wata shida ta juyo wata shida, kuma matuƙi Ahmad bin Majid ya rubuta ilimin wannan hanya a ƙarni na 15. Atlantika ne ya gagara, har Larabawa suna ce masa tekun duffai. Marubucin tarihi Al-Umari ya rawaito cewa Mansa Musa, a hanyarsa ta hajji a 1324, ya ba da labari a Alkahira cewa sarkin Mali da ya gada ya shiga wannan teku da jirage 2,000 bai dawo ba. Masana tarihi ba su samu shaidar cewa ya isa wani gaci ba.

Mutanen Fotugal ne suka gano dabarar: maimakon a yi ta kokawa da iska a bakin gaɓa wajen komowa, sai a faɗa tsakiyar teku a yi zagaye a kamo iskar da za ta mai da jirgi gida. Suka wuce Bojador da ke gaɓar yammacin Sahara a 1434, suka kai gaɓar ƙasar da ake kira Najeriya a yau a shekarun 1470, Vasco da Gama ya isa Indiya a 1498. Ayarin Magellan ya tashi da jirage biyar a 1519, ɗaya ne ya kammala zagaya duniya a 1522 da mutum 18. Wannan sanin iska da igiyar ruwa shi aka yi amfani da shi wajen kwasar 'yan Afirka kimanin miliyan 12 da rabi zuwa bauta a nahiyar Amurka, cikinsu har da Hausawan da suka ƙare a Bahia ta Barazil.

Abin mamaki, Turawan da suka zagaya duniya sun shafe ƙarni uku suna ciniki a inda kogin Kwara ke faɗawa teku ba su san shi ne ba. Mungo Park ya mutu a Busa a 1806 yana neman ƙarshensa. A 1824 Hugh Clapperton ya kai tambayar gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma taswirar da ya samo a Sakkwato ta nuna kogin ya nufi gabas wajen Nilu. Wasu masana na ganin tsohon ra'ayin marubutan Larabawa aka bi, wasu na ganin taka-tsantsan ne da baƙon da ba a san nufinsa ba. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin har teku. A tekun nan ne ruwan kogin Kaduna ma yake ƙarewa: ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa gari, ya cika dam ɗin Shiroro, ya faɗa Kwara, ya haɗu da Binuwai a Lokoja. Ruwan Kano kuwa, ta Hadeja da Yobe, tafkin Chadi yake nufa, ba ya ganin teku.

Daga igiya da dalma zuwa amsa-kuwwa

Awon zurfi na farko bai bambanta da na mai haƙar rijiya ba: a ɗaura dalma a igiya a zura, a ƙirga gaba nawa. Da haka jirgin Ingila mai suna Challenger ya yi aiki daga 1872 zuwa 1876, tafiyar da ake ɗauka a matsayin mafarin ilimin teku na zamani. Ya tsaya a wurare 362 yana auna zurfi da sanyi da gishiri, ya kwaso halittu sama da 4,000 da ba a san su ba, rahotonsa ya cika mujalladi 50. A 1875 igiyarsa ta taɓa ƙasa a mita 8,184 kusa da Mariana. Awo ɗaya yakan cinye sa'o'i.

Bayan yaƙin duniya na farko aka koma aika sauti ƙasa a ƙirga daƙiƙun da amsa-kuwwarsa za ta ɗauka. Daga irin waɗannan alƙaluma Marie Tharp ta zana taswirar gindin Atlantika a shekarun 1950, ta ga jerin tsaunuka a tsakiyarsa da tsaga a ƙololuwarsu, inda sabon dutse ke ɓulɓulowa yana ture nahiyoyi. Abin da Wegener ya rasa ke nan. A 1960 Jacques Piccard da Don Walsh suka sauka gindin Mariana a jirgin nutso mai suna Trieste. Duk da haka, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasan teku ne kawai aka zana da awo mai inganci zuwa yanzu.

Yadda damina take tasowa

Da bazara, ƙasar Sahara da Sahel takan yi zafin da iskarta ke tashi sama ta bar gurbi. Iska mai danshi daga mashigin tekun Gini sai ta kwararo daga kudu maso yamma ta cike gurbin. Layin da wannan iska ke haɗuwa da busasshiyar iskar hamada yana hawa arewa a hankali, shi ya sa Kafanchan ke samun ruwa kafin Kaduna, Kaduna kafin Zariya, Zariya kafin Katsina. A Agusta layin ya kai ƙarshen tafiyarsa, mu kuma muna tsakiyar marka. Daga Oktoba ya juyo, hunturu ya biyo bayansa.

Ƙarfin wannan iska ya dogara da bambancin zafi tsakanin teku da tudu. Idan ruwan mashigin Gini ya yi ɗumi fiye da yadda ya saba, hadari yakan tsaya ya zuba a kudu, Arewa ta samu ƙasa da rabonta. El Nino kuwa suna ne da masuntan Peru suka sa wa ɗumamar ruwan gabashin Pasifik, wadda ke dawowa duk bayan shekara biyu zuwa bakwai. La Nina kishiyarta ce, lokacin da ruwan ya fi sanyi. El Nino yakan sauya tafiyar iskar sama a duk yankin zafi na duniya, kuma sau da yawa yakan zo da ƙarancin ruwa a Sahel. Sau da yawa aka ce, ba kullum ba, domin Atlantika da Indiya da Bahar Rum kowanne yana jan nasa akalar.

Wa ya jawo farin 1973 da na 1984?

Dattawa ba su manta waɗannan shekaru ba, dabbobi sun ƙare, mutane sun kwararo kudu. A 1975 masani Jule Charney ya kawo bayanin cewa kiwo fiye da kima da sare itatuwa sun tsiraita ƙasa, ƙasar da ta yi fari kuma tana mai da hasken rana sama ta hana hadari haɗuwa. An daɗe ana ɗora laifin a kan makiyayi da mai gatari. Daga 1986 bincike ya fara nuna wani abu dabam: shekarun fari sun zo daidai da lokacin da tekunan kudu suka fi na arewa ɗumi, kuma wani nazari na 2003 ya nuna cewa zafin saman teku kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan hawa da saukar ruwan Sahel. Wasu sun ƙara da cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya Atlantika ta Arewa a lokacin.

Hujja ta fi rinjaya wajen teku a matsayin mai kunna wutar. Amma ba a wanke gatari ba: itatuwa da ciyawa suna mai da danshi sama, wani ɓangare na ruwan da ke sauka a Katsina ya taɓa sauka a dazukan da ke kudu da ita. Buhunan gawayin da ake jerawa a hanyar Kachiya suna cikin lissafin.

Abin da zai taɓa gona da aljihu

Teku ya shanye kusan kashi 90 cikin 100 na rarar zafin da ɗumamar yanayi ta tara, kuma tsayinsa ya ƙaru da kimanin santimita 20 tun 1900. Wannan hawan matsalar Legas da Bayelsa ce kai tsaye. Rabon Kaduna ta sama yake zuwa: duk ƙarin digiri ɗaya, iska tana iya ɗaukar ƙarin danshi na kusan kashi 7 cikin 100, don haka ruwa yana iya zuwa kamar da bakin ƙwarya a dare ɗaya, a kuma yi tsaiko mai tsawo tsakani. Masana ba su daidaita kan ko jimillar ruwan Sahel za ta ƙaru ko za ta ragu ba, sun fi haɗuwa a kan cewa mamakon zai ƙara tsanani. Ga mazauna bakin kogi a Kigo Road da Unguwar Rimi da Nasarawa, ma'anarsa ambaliya. Ga manomi, hasashen farkon shekara yana nuna inda damina ta karkata ne, ba ranar da za a yi ruwa a gonarsa ba. Inda yake da amfani shi ne zaɓen iri mai saurin nuna ko mai jinkiri, da ƙin gaggawar zuba iri da taki a kan ruwan farko idan an yi gargaɗin tsaiko.

Akwai kuma hanyoyin da ba na sama ba. Kifin ƙanƙara da ake saya a kasuwar Sheikh Gumi, akasarinsa daga ruwan sanyi na Atlantika yake zuwa. Kwantenonin da ke sauka a tashar tudu ta Kakuri, wadda aka buɗe a 2018, teku suka ratso, kuma duk abin da ya ƙara kuɗin jirgi yana bayyana a farashin kaya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙasan teku suka katse a yammacin Afirka, masu POS da abokan cinikin banki a Kaduna suka wuni suna jiran kuɗin da ya maƙale.

Hulɗar ba ta gefe ɗaya ba ce. Hazon da ke rufe Kaduna a Disamba da Janairu, har jirgin sama ya kasa sauka, yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, busasshen gindin tsohon tafki. Wanda bai sauka a kan tagoginmu ba yakan wuce ya faɗa Atlantika da sinadarin ƙarfe da fosfaras a jikinsa, ya zama taki ga ƙananan tsirran nan na saman ruwa, wani ma ya ƙetare har dajin Amazon.